Yadda Aka Tsare Ni a Sabon Gari Saboda PHP Huɗu da PHP Biyar

Shafin ya fito fari fat. Na sake danna maɓallin, ya sake fitowa fari, babu sunan yaro ko ɗaya, babu maki, ko ɗigo babu. A bayana na ji Madam, mai makarantar da aka aike ni, ta daina kaɗa makullan da ke hannunta.

Tun da na dawo Kafanchan ku 'yan kwayar majami'armu ba ku bar ni na huta ba. Ladi ta tare ni a bakin famfo, Saratu ta biyo ni har shago, tambayar dai ɗaya ce: "Rifkatu, yaya Zariya? Kin shiga jami'a? Ina tsarabarmu?" In na fara ba da labarin sai in kasa ci gaba, in yanke a tsakiya. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta tambaya in miƙa mata. Ku karanta, kada kuma wata ta sake ce mini na je shan iska.

Kun san tun da na gama sakandare nake aiki a shagon kwamfuta na Oga Istifanus, buga takardu da fotokwafi da koya wa mutane riƙe linzamin kwamfuta. Shi ne ya rubuta wa wata makarantar kuɗi a Sabon Garin Zariya furogiram ɗin sakamakon jarrabawa. Malamai su shigar da maki, kwamfuta ta haɗa, ta fitar da matsayin kowane yaro. Ana gab da hutun ƙarshen shekara kwamfutar makarantar ta mutu, aka kawo masa ita. Ya ce ba ta gyaruwa, amma had-dis ɗinta, wato ƙarfen da ke riƙe da duk abin da aka ajiye a ciki, lafiyarsa lau. Makarantar ta sayi wata sabuwa, irin wadda ake kira saba, wadda sauran kwamfutocin malamai ke ɗauko shafi daga gare ta. Abin da ya rage shi ne a mayar musu da had-dis a juye komai a kan sabuwar.

Sai Oga ya faɗi daga acaɓa, aka sa masa filasta har gwiwa.

"Oga, ni kaɗai?" na ce.

"Mene ne a ciki? Ki jona had-dis, ki kwafe folda, ki loda maki, ki buɗe shafi. Ba ke kike yi mini a nan ba? Ki kwana wurin antinki a Samaru, washegari ki dawo."

Gaskiya ne, na sha yi a kan kwamfutocin shago, ban taɓa samun matsala ba. Amma ku lura, iyakar abin da ya gaya mini ke nan. Bai ƙara kalma ɗaya ba.

Ranar Laraba da sassafe Mama ta naɗe had-dis ɗin a tsohon zaninta, ta cusa shi cikin kular abinci don kada ya bugu. Ta ninke gyale ta sa mini a jaka, ta ce zan san lokacin da zan fito da shi. A tasha aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. Kusa da ni wata uwa ce mai buhunan citta za ta Kaduna, duk motar ƙamshin citta, direba sai atishawa yake yana zagin kwandastan da ya ɗora kayan a ciki.

Bayan Kachia aka tsayar da mu a shinge. Wani ofisa ya leƙo, idonsa ya sauka kan kular da ke cinyata, ya yi murmushi.

"'Yan mata, me Mama ta soya mana?"

Ya buɗe, ya warware zanin, ya ɗaga had-dis yana juya shi. Murmushin ya tafi.

"Wannan fa? Ina rasit?"

Na buɗe baki zan ce na kwamfuta ne, sai uwar cittar nan ta mintsine ni a cinya.

"Ɗana, ƙasan dutsen guga ne. Wanta ne ya ce a kai masa Kaduna a gyara. Ka ga talauci, ko dutsen guga ba a yarwa."

Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya gyaɗa kai kamar ya san irinsa, ya mayar. Da muka wuce ta ce mini, "Yarinya, a hanya kada ki ƙara cewa kwamfuta. Ki ce ƙarfe ne." Na yi dariya har da hawaye. Ita ce dariyata ta ƙarshe a wannan tafiyar.

Ladi ta tambaye ni ko akwai iyaka tsakaninmu da can. Akwai, gadar Kaduna ce. Babu shinge, babu mai duba takarda, amma bas na hawa gadar sai na ga matan da ke ciki kowa ta zura hannu a jaka. Kafin mu sauka ɗaya gefen duk kawuna sun rufu. Ba wanda ya ce wa kowa komai, hirar ma ba a yanke ba. Na fito da gyalen Mama na yafa. A Kawo na shiga motar Zariya, na sauka Kwangila da rana tsaka.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni, da na ce masa Sabon Gari, ya ce, "Hausar nan taki ta kudanci ce, ko?" Na ce e. Ya ce, "To cire gyalen ki sha iska, inda za mu ba mai kula." Haka kuwa. Sabon Gari shagunan kayan mota ne da na magani jere da juna, kowane layi da majami'arsa, nan ana Turancin kasuwa, can ana Ibo, can Yarabanci, mai sayar da lemo kuma yana amsa wa kowa da Hausa.

Mai makarantar ana ce mata Madam Komfot. Iyayenta daga kudu suka zo amma a nan aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi tawa. Mijinta tsohon soja ne, kowa Baba Sajan yake ce masa, yana zaune kan benci a bakin ƙofa da rediyo a kunne. Sai ɗansu Juniya, babban saurayi, yana karatun kwamfuta a jami'a a Samaru. Shi ya haɗa sabuwar kwamfutar, shi ya kuma yi wa makarantar shafi mai hotuna da za a nuna wa iyaye ranar Juma'a, ranar da za a raba sakamako.

Sun karɓe ni da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Aka kawo mini lemon kwalba. Na jona had-dis, na kwafe folda, na loda maki, na buɗe shafi. Shi ne ya fito fari.

"Wetin be dis?" in ji Madam. Sai ta juyo da Hausa. "Ina sakamakon yarana?"

"Ma, yana ciki. Bari in sake."

Na goge, na sake kwafewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Na sake bin matakan a hankali ina faɗarsu a bakina kamar mai haddar aya. Fari.

Juniya yana jingine da ƙofa. Ya tako, ya miƙa hannu ta kan kafaɗata ya buga wani adireshi. Sai ga shafinsa ya buɗe, ga ƙofar makaranta, ga yara a layi, ga Madam da babbar hula.

"Kin gani, Mami? Mashin ɗina lafiya lau yake. Abin da ta kawo ne."

Wannan maganar ce ta kashe ni. Madam ta ɗora hannu a ka, ta ce makin yara na shekara guda, malamai sun riga sun mayar wa yara takardun jarrabawa, jibi iyaye za su cika filin nan, me za ta ce musu? Ta kira mijinta. Baba Sajan ya shigo, ya kalli farin shafin, ya kalle ni, ya kalli kular.

"A ina kika tsaya a Kaduna?"

"Ban tsaya ko'ina ba, Baba. Mota kawai na canja."

"Na san irinku. Kin sayar da na gaske, kin sayo fanko kin sa a zani. Ko wata makaranta ce ta saye ki?"

Na ce a kira Oga. Aka kira, wayarsa a kashe. Aka sake kira, a kashe. Baba Sajan ya miƙo hannu ya karɓi tawa wayar ya sa a aljihun rigarsa.

"A garin nan," ya ce, "in kaya ya lalace a hannun ɗan aike, riƙe shi ake yi sai ubangidansa ya zo. Za ki kwana a nan."

Ku gaya mini, a wurinmu haka ake yi? A gida in ana zargin yarinya, wurin iyayenta ake zuwa, ko wurin Fasto, a zauna a ji ta bakinta. Ba a riƙe 'yar mutane kamar keken da aka ba da jingina. Na ce antina tana jirana a Samaru, a bar ni ko kira ne in yi. Ya ce in na kira ta za ta zo da 'yan iska su ɗauke ni. Anti Hannatu, wadda ko kaza ba ta iya kamawa.

Masaukina ɗakin ajiya ne a gidansu da ke bayan makarantar. Buhunan garin rogo a gefe, kwalayen rigunan makaranta har rufi, suka shimfiɗa mini katifar yara wadda ƙafafuna suka fi ta tsawo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abincin. Madam da kanta ta kawo mini sakwarar rogo mai tsami da miyar shuwaka, nama har da kifi busasshe, ta tsaya a kaina tana cewa, "Ci mana, ba a kwana da yunwa a gidana." Sannan ta fita ta zura sakata ta waje. Ni da na saba da faten acca na Mama a kan tabarma, ƙofa a buɗe. Na kai loma ɗaya, na ture kwanon. Tunanin Mama nake yi da hawan jininta, da abin da muke ji ana yi wa 'yan mata a bayan kantar 'yan sanda.

Da asuba aka zare sakatar, aka ce in fito addu'ar iyali. Muka riƙe hannun juna a falo, hannuna ɗaya a na Madam, ɗaya a na Juniya. Muka yi waƙa, wadda mu ma muke yi a kwaya. Sai Madam ta fara addu'a, ta roƙi Ubangiji ya tona asirin duk wanda maƙiyi ya aiko ya rushe makarantarta, ya hana shi barci, ya sa ya furta da bakinsa. Tana faɗa tana matse mini yatsu. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, don na ga Baba Sajan bai rufe ido ba, ni yake kallo.

Da hantsi aka sami Oga. Ashe wuta ce babu a unguwarsu, waya ta mutu, shi kuma ya yi barcinsa. Baba Sajan ya sa wayar a lasifika ya ajiye kan tebur. Madam ta yi ta faɗa, can Oga ya ce, "Wane PHP ne a kan sabuwar kwamfutar?"

Haruffan nan uku kullum ina ganinsu a ƙarshen sunan kowane fayil na Oga. Na san sunan yaren da ya rubuta furogiram ɗin da shi ne. Abin da ban sani ba, ban kuma taɓa ji daga bakinsa ba, shi ne yaren yana da iri-iri, akwai tsoho akwai sabo.

"Biyar mana," in ji Juniya. "Sabo fil. Makon jiya na samo faifansa."

"Wa ya aike ka? Ni da huɗu na rubuta nawa. Cire biyar ɗin ka sa huɗu."

"In cire? Shafin makaranta da biyar na rubuta shi, ba ya tashi a kan huɗu. Kai ne ya kamata ka gyara tsohon kayanka."

"Tsohon kayana? Yaro, lokacin da nake rubuta wannan kana cin biskit a firamare."

"Ba mai taɓa shafin Juniya," in ji Madam. "Na riga na gaya wa iyaye."

Suna cikin haka katin wayar ya ƙare. Kun san abin da Oga bai tambaya ba? Bai ce ina Rifkatu ba. Bai ce a ina ta kwana ba. Maza biyu, kowa da waya a aljihu tun makon jiya, ɗaya bai tambayi ɗaya lamba guda ba, ni ce na kwana da buhunan gari.

Na ɗauka shi ke nan, an ji laifin ba nawa ba ne. Ina. Baba Sajan ya ce huɗu da biyar duk zancen 'yan damfara ne, shi da ya yi aiki da rediyon soja bai taɓa jin inji ya ƙi magana saboda lamba ba, mun haɗa baki ne da ogana. Ya nuna agogon bango.

"Ƙarfe huɗu muke rufe ofis. In ban ga makin yara da idona ba, caji ofis za ki kwana yau."

Juniya ya ce, yana kallon ƙasa, wataƙila akwai yadda za a sa huɗu da biyar su zauna a kwamfuta ɗaya, shi dai bai taɓa yi ba, kuma ba shi da faifan huɗu. Ni ma Oga bai sa mini a jaka ba. Sai an je Samaru. Baba Sajan ya ce ba zai bar ni a bayansa ba, don haka aka sa ni a bayan tsohuwar motarsa, gefen da ƙofar ba ta buɗewa ta ciki.

Saratu, ga amsarki: na ga jami'a. Na ga ƙofarta ta tagar mota, ɗalibai na shiga da fita, 'yan mata sa'o'ina da littattafai a ƙirji suna dariya. Mun wuce bakin layin Anti Hannatu, na gane shi da shagon telan da ta kwatanta mini. Na ce, "Baba, don Allah minti ɗaya, in gaya mata ina raye." Ya ƙara wa rediyo murya.

Samaru kafe ne na intanet ko'ina, sama da ƙasa, kowanne cike da ɗalibai suna jiran layi. Maganarsu rabi Hausa rabi Turanci, kamar ba su yanke shawara ba. A na farko mai kula da wurin ya kalli Juniya ya fashe da dariya.

"Huɗu? Haba, gaye, huɗu ai ya zama tarihi. Ko gidan kayan tarihi za ka buɗe?"

A nan na gane al'adarsu. Saukar da abu daga intanet wahala ne, don haka in mutum ɗaya ya sami sabon faifai, kafin mako ya zagaya kowa ya kwafa, kowa ya ɗora, tsohon kuma a yar. Na ga tsofaffin faifai an rataye a ƙofa suna ƙyalli, na ga an ɗora kofin shayi a kan wani, na ga wani ɗan acaɓa ya manna su a bayan babur. Duk wanda na gani sai in ce a raina ko shi ne nawa.

A wani kafe a saman bene aka ce a gwada saukarwa. Muka zauna muna kallon wani ɗan layi yana rarrafe. Baba Sajan ya aika aka sayo masa waina da yaji, ya ci, ya turo mini sauran da takardar. Na ce na ƙoshi. Layin ya wuce rabi sai aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareta komai ya koma farko. Ɗaliban suka yi tsaki suka ci gaba da hira. Ni na shiga banɗaki na yi amai.

Wata ɗaliba ce da ta ga idona ta ce, "Ku je wurin Malam Shu'aibu, bayan kasuwa. Shi ba ya yar da komai."

Malam Shu'aibu dattijo ne siriri mai tabarau, ya yi shekaru yana aikin kwamfuta kafin ya buɗe nasa kafe. Juniya ya gaishe shi da ladabi, ashe ya taɓa koyar da su. Ya saurari Juniya, ya saurari Baba Sajan, sannan ya juyo gare ni.

"Ke ce kika kawo had-dis ɗin? Da kika kwafe, kin ga fayilolin da idonki?"

"Na gani, Malam. Duk suna nan."

Shi ne mutum na farko da ya yi mini tambaya ya kuma jira amsa. Ya jawo wani babban gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur, cike da faifai kowanne a cikin takarda, ya yi ta bincike har ya zaro ɗaya.

"Yare ɗaya ne," ya ce wa Baba Sajan, "amma akwai hanyoyin rubutu da na huɗu yake ƙyalewa, na biyar ba ya yarda da su. In ya ci karo da ɗaya sai ya tsaya cak. In kuma an saita shi kada ya nuna kuskure, sai ya ba ka farin shafi, kamar babu komai."

"Ni ba wannan na tambaya ba. Maki suna nan ko ba sa nan?"

"Ina zato suna nan. Sai na gani."

Har shi ma na ji haushinsa a lokacin. Ina zato? Ni ina so ya rantse ne. Ya ce zai biyo mu, amma an kira azahar, sai ya yi salla. Ya ɗauki buta ya fita a natse. Baba Sajan ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo. Ni kuwa ina zaune ina ƙirga masa raka'o'in da ban san adadinsu ba.

Uku ta gota kafin mu isa makarantar, don motar ta mutu a Kwangila sai da ni da Juniya muka tura. Ku ji fa, ni na tura motar da za ta kai ni caji ofis.

Ofis ya cika da malamai. Malam Shu'aibu ya zauna, ya canja wani abu ɗaya, ya sake buɗe shafin. Wannan karon a saman farin sai ga layi ɗaya na Turanci, ya faɗi sunan fayil da inda ya tsaya.

"Kun ga, ba fanko ba ne. Ya fara karantawa, ya iso nan ya ƙi."

Ya ce ba zai taɓa na biyar ba, zai bar shi a inda yake ya ci gaba da kula da shafin Juniya. Na huɗu kuma zai ajiye shi a gefe, a foldarsa dabam, ya gaya wa sabar duk abin da aka nema daga foldar sakamako ta miƙa wa na huɗu. Ya sa faifan. Yana bugawa yana nuna wa Juniya kowane layi, Juniya na gyaɗa kai. Ni ina tsaye a lungu, Baba Sajan tsakanina da ƙofa.

"To, bismillah," ya ce, ya danna.

Shafin ya cika da rubutu, amma ba suna ba maki, wasu alamomi ne da baka-baka da kalmomi a cakuɗe tun daga sama har ƙasa. Wata malama ta ce, "Yesu, sun dagule." Baba Sajan ya miƙe, na ji ƙarar makullin mota.

"Ya isa. Ke, ɗauki jakarki."

Ya kama ni a damtse. Ban yi ihu ba. Na dai ji fitsari yana neman ƙwace mini a gaban malamai.

"Sajan, sake ta," in ji Malam Shu'aibu, bai ko juyo ba. "Wannan rubutun ogan nata ne tsirara, sabar ce ba ta miƙa wa kowa ba. Ni na tsallake layi ɗaya."

Ya buga layin, ya kashe sabar ya kunna. Hannun Baba Sajan yana nan a damtsena. Malam ya danna.

Sai ga shuɗin shafin Oga, wanda na sani kamar fuskar Mama, da akwatin suna da na lambar sirri.

Kun san abin da Madam ta fara cewa? "Duba mini shafin Juniya tukuna." Aka duba, ga ta nan da hularta. Sannan ta sa lambarta ta shiga sakamako. Aji ɗaya, sunaye suka jeru da maki. Aji biyu. Aji uku. Ta kira malamin lissafi ta ce ya duba yaran da ya tuna makinsu. Ya sunkuya, ya bi da yatsa, ya ce haka suke. Malamar da ta ce sun dagule ta fara waƙar godiya, sauran suka kama, Madam ta rungume Juniya tana ce masa injiniyanta.

Malam Shu'aibu ya cire faifansa, ya mayar cikin takarda.

"Madam, yarinyar nan abin da aka ba ta shi ta kawo, daidai kuma ta yi aikinta. Da ɗanki ya kira ogan nata, ko ogan ya kira ɗanki, da ba a kai nan ba."

"Ai ba mu doke ta ba," in ji Madam. "Har kifi na sa mata a miya."

Wannan ne haƙurin da aka ba ni, ba a ƙara ba. Har yau in na ji an zura sakata, ko a banɗakin majami'a ne, sai gabana ya faɗi. Shatin yatsun mutumin nan ya yi kwanaki a hannuna, Mama ta gani, na ce mata ƙofar mota ce.

Ban san lokacin da ya sake ni ba. Na dai tsinci kaina zaune a kan wata 'yar kujerar yaran nazare. Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata, daga nesa ana kiran la'asar. Baba Sajan ya tsaya a kaina, ya yi gyaran murya.

"Ke, tashi. Ba ruwanki. Ba inda za a kai ki."

Na ji shi sarai, amma ƙafafuna ba su ji ba. Na ɗaga kai na ce, "Baba, sake faɗa."

Ya kalli matarsa, ya kalli Malam Shu'aibu. Malam bai ɗauke ido daga kansa ba.

"Na ce ba inda za a kai ki," ya ce. "Ki tafi gida."